Ranar da Rahila Ta Ɓata Labarin Babanta

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Maman Rahila ta unguwar Shagwa a Njamena. Waɗanda suka san ni sun san in na fara magana sai an ja mini zane, amma yau zan taƙaita.

Mu a gidanmu ba mu taɓa tara komai ba sai labari. Shekarun nan na wuya, wuta ba ta zuwa, miya ba nama, da la'asar sai mu baza tabarma a gindin darbejiya, muna ɓarar gyaɗa muna hira. Muna da doka kuma: kowane labari da mai shi, ba mai taɓa na wani. Ni nawa kwaikwayon murya ne, mai tallar kifi, da direbobin unguwar Mursal da Larabcinsu. Na maigidana kuwa, na ranar da ya tsallako kogi daga Kusiri da keken ɗinkinsa ne. Kwale-kwale ya kife daf da gaɓa, ya ɗaga kan keken sama, ruwa ya tafi da takalmansa. Haka ya shigo Njamena ƙafa ba komai. In yana ba da shi, yara har birgima suke yi.

Da Ubangiji ya ɗauke shi, labarin ya zama nawa, amma na kasa faɗa. Ba a jima ba hawan jini ya kayar da ni a bakin murhu. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. A asibiti aka ce in riƙa gwada magana, in ba haka ba ta tafi ke nan. Na gwada, na ji abin da ya fito kamar kukan ɗan akuya. Kunya ta kama ni, na kulle bakina, na juya wa bango fuska. A zuci ina ce wa Allah, ka ɗauki mijin, ka ɗauki bakin, me ka bar mini?

Kunnena dai lafiya lau. Wata safiya na ji babbar 'yata Rahila a bayan ƙofa tana roƙon Yesu, wai ko faɗa ne a bar ta ta sake jin muryata. Na yi kuka. Ni ma na roƙa a zuci, na ce Ubangiji, ƙarfin ba ni da shi, kai ka tura ni.

Da la'asar suka fito da ni kan tabarma. Ba zato sai Rahila ta ɗauko labarin babanta a gaban ƙannenta. Wai da kwale-kwale ya kife, ya jefar da keke ya rungume takalma. Na harare ta, ta kau da kai. Ta ƙara da cewa har kuka ya yi yana kiran uwarsa. A zuci na ce, mutumin da ya ciyar da ku da keken nan!

"Ƙarya!" Haka ya fito, a karkace.

"Na'am, Mama? Ban ji ba."

"Keke... ya riƙe."

"To ki faɗa mana da kanki, ai naki ne," in ji ta, hawaye na zuba.

Na faɗa. Miyau na zuba, kalma ɗaya sai na huta, ba wanda ya tari numfashina. Gyaɗa ta ƙare ban ƙare ba, amma na kai shi gaɓa. Daga ranar, kullum sai ja'irar nan ta ɓata wani labari, ni kuma in gyara. Da haka harshen ya saki.

Har yau bakina a ɗan karkace yake, kun gani, hannun nan ma bai dawo duka ba. Amma ga ni tsaye a gabanku ina magana. Na gode wa Yesu! In kina da mara lafiya a ɗaki, kada ki yi ta raɗa a kansa. Ki fito da shi cikin mutane, ki yi addu'a, ki dogara ga Ubangiji. Ya san ta inda zai taɓa kowa. Amin.