Sai Baɗi Zai Sake Tsayawa

A ɗakin jira na asibiti, talabijin ya nuno madugun 'yan adawa, wanda aka laƙaba wa Sai Baɗi, yana sanar da cewa zai sake tsayawa takara. Wani tela da ya kawo matarsa awo ya yi tsaki, ya juya ga dattijon da ke gefensa.

"Baba, dubi wannan bawan Allah. Tun ina goye yake faɗuwa zaɓe, ga furfura har gira. Ba shi da 'ya'yan da za su zaunar da shi?"

"Ai ba faɗuwa yake ba, kayar da shi ake yi," in ji dattijon.

"Haka kullum kuke cewa. Wa zai sake ɓata ƙuri'arsa a kansa?"

"Ni."

Tela ya yi dariya. "Me ya taɓa ba ka?"

"Likkafani. Ɗana ne wakilinsa a rumfarmu a zaɓen da ya wuce. Da 'yan daba suka zo ɗauke akwati, sai ya rungume shi ya ƙi saki. A kan akwatin suka sare shi."

Tela ya daina dariya. "Allah ya jiƙansa. To Baba, kana ganin wannan karon zai ci?"

"Ina! Ba zai ci ba, yaro. Shi ma ya sani. Ranar ta'aziyya kasa haɗa ido da ni ya yi."

"To don me za ka bi layi?"

Dattijon ya daɗe yana murza katin asibitinsa.

"In na zauna a gida, me zan ce wa uwar ɗana ya mutu a kai?"