Kafin A Rushe Gidan Ƙaho

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu ta Kilomita Biyar a nan Bangui, Alhaji Nata'ala, malamanmu, iyayenmu mata, baƙinmu na unguwar Miskine da suka tako da ƙafa, matasa masu babur da ke can baya, waɗanda yaren Sango ya fi zama a bakinsu, bara ala kwe, wato ina gaishe ku duka. Ina godiya da kuka zaɓe ni, ko da yake har yanzu ban san laifin da na yi muku ba.

Kwamiti ya ce mini: "Sharu, je ka tattaro tarihin ɓarnar da aka yi a tsohon gidan rawan nan na Titin Koudoukou, Gidan Ƙaho, domin jama'a su ɗaga hannu a rushe shi a gina shaguna." Na tafi da ƙarfina. Na dawo kaina a ɗaure.

Na farko, na zaga dattawa. Kowa ya rantse bai taɓa shiga ba. Amma wannan ya ce daɓen ja ne, wancan ya ce kore ne, har suka kusa ba hammata iska a gabana. Jama'a, ta ina suka ga daɓen?

Na biyu, an ce can dukan Bangui ke kwarara da yamma, ma'aikata da sojoji da mawaƙa daga ƙetaren kogi, ana sha ana rawa. Gaskiya ne, kuma ba na yabonsa. To amma wa ke sayar musu da tsire a bakin ƙofa? Wa ya ɗinka musu kwat? Iyayenmu. Hajiya Hureira ta ce mini: "Ɗana, shagon da kake taƙama da shi, a tukubar babanka Dabo da ke ƙofar gidan nan aka haife shi."

Na uku shi ne ya fi rikita ni. Ashe akwai al'ada: da an kira sallah, makaɗa sai su ajiye kaya, gida ya yi tsit. Masu tsire su tafi masallaci, mai busa ƙaho, Papa Anatole, Kirista, ya fito ya tsare musu wuta, yana juya nama kada ya ƙone. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Da rikici ya raba unguwa, danginsa suka watse, shi ya ƙi tafiya. Yau a ɗakin bayan gidan yake kwana, ba shi da wani wurin. Wannan kuwa, kwamiti bai faɗa mini ba.

Na tambaye shi ina za shi in an rushe. Ya ce: "Ɗan Dabo, babanka bai taɓa tambayata ina zan je ba."

Don haka ban san abin da zan ce ku zaɓa ba. Ina son shaguna, wallahi ina so. Amma kafin ku ɗaga hannu, ku waiga ƙofa. Tun da muka shigo daga sallar la'asar, tsohon da ke zaune yana tsare mana takalma, shi ne.

Allah ya ba mu basira, ya zaunar da unguwarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu, ya mai da kowa gida lafiya, har da wanda gidansa ke hannunmu.

Na gode.