Babur Ɗin da Ya Fi Ƙarfin Ƙanena

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga Bungudu nake gaishe ka da masu sauraro.

Bayan kaka, ƙanena Sani ya je Gusau sayen babur, alhali bai daɗe da fara koyo ba. Makaniki ya ce ya fara da ƙarami, Sani ya ce shi ba yaro ba ne. Ya ɗauko ƙato, da ƙyar ƙafarsa take taɓa ƙasa.

Ranar Juma'a ya hau da babbar riga zai je Tsafe. Sarƙa ta kama gefen rigar, babur ya danne shi. An yanke masa ƙafar dama.

Yanzu babur yana zaure, masu tayawa duk 'yan koyo ne irinsa. Jama'a, ku ba ni shawara: ɗan wa zan sayar wa?