Ɗaga Hannun Kawai

A bencin ƙofar ɗakin tiyata, wata dattijuwa da ake yi wa 'yarta aiki ta dubi saurayin da ke gefenta.

"Ɗana, taya ni addu'a. Bakina ya gaji."

"Mama, ni fa na daina tun da na bar gida. A wurin aikinmu kowa da addininsa, wasu ma babu."

"Mahaifiyarka ta sani?"

"In ta kira, sai in ce yanzu na idar da salla."

"To, ni ma yi mini ƙaryar. Ɗaga hannun kawai, zan ce amin."

Don kunya ya ɗaga. Tana amin na uku ya ji bakinsa ya kama addu'ar mahaifiyarsa, ko kalma ɗaya bai manta ba.