Wanda Ake Ba Igiya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, mai girma magajin gari, malamai, dattawan Kurfai, uwayenmu mata, samarin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Filinge, ina gaishe ku. Na gode da kunka ba ni fili, ko da yake da kun hana ma, da na tashi.

Ni Baƙo ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ban mance ba. Shekarar da soja sunka amshi mulki, bayan babban fari, marigayi Na'Allah ya zo da na'urar silima ya iske mu muna haƙar rijiya a hanyar Sanam, ni a ƙasa, abokina Dodo riƙe da igiya. Ya sa mu cikin wasansa na farko. Bayan shi wasa tara, zamanin kaki da bayan kaki, babu wanda babu Dodo.

Mutane sunka yi ta tsegumi kan munin Dodo: "Na'Allah, fuska ta ƙare a duniya?" Ya ce: "Ku tambayi Baƙo, in ya shiga rijiya gaba talatin, wa yake ba igiya?"

To ku ji. Ba a ba mutum igiya don kyan fuska. Wanda ya san girgiza ɗaya guga ce, girgiza biyu rai ne, shi ake ba. Haka Na'Allah: in ya taɓa hula, Dodo ya san shiru ake so, in ya shafi gemu, Dodo ya san hawaye. Wannan ba a koyonsa a kwana bakwai. An ce sabo turken wawa. Na yarda, ni ne wawan.

Yanzu Tahiru ɗan Na'Allah zai ɗauki labarin waccan rijiya a silima, ya ce Dodo ya kurumce, ya ɗauko wani daga Yamai. Tahiru, ɗana, yaushe ubanka ya taɓa yi wa Dodo magana da baki? Kwana uku ke nan Dodo bai leƙo waje ba. Ya ninke rigar wasansa ya ce in mayar maka. Tana ɗakina. Ban kawo ba, ba ni kuwa kawowa.

Allah shi jiƙan Na'Allah, shi ba mu damana mai albarka, shi maida kowa gida lafiya.

Gobe da safe zan sa wa Dodo rigarsa da hannuna, in kai shi bakin rijiyar. Kai dai, Tahiru, ka zo da hula.

Na gode.