Yaya Ɗan Sha Bakwai

"Yaran naku har da magidanci!"

A tashar Garwa Fauziya ta ji wani dattijo ya jefa wa na kusa da shi wannan magana, ana jiran motar Bibemi.

"Haba Alhaji, a bar yaran manyan kulob su buga a ƙaramin rukuni mana. A nan za su goge."

"Su goge ko su aske? Wanda ya ci mu ranar Lahadi, wai ɗan sha bakwai, matarsa da goyo take masa tafi!"

Fauziya ta sunkuyar da kai. Shekararta ashirin, amma yayanta Zaharaddin, a filin ƙwallo, ɗan sha bakwai ne.

Sai da mota ta cika ta juya wajen dattijon.

"Baba... lamba nawa ce a bayan rigarsa?"