Wayar Alhaji Tana Makka

A tashar Kwanar Dangora, wani Alhaji ya miƙa wa saurayin da ke gefensa waya.

"Samari, duba min. Wakilina na kasuwar Doguwa ya rantse da hantsi yake turo min imel na farashin masara, amma kullum wayar nan azahar take nunawa. Yau zan sallame shi."

Saurayin ya duba. "Alhaji, ai agogon wayarka bai dawo daga Makka ba. Ya yi gaba da awa biyu. In gyara?"

Alhaji ya fizge abarsa. "Lokacin ƙasa mai tsarki za ka gyara? Ka taɓa zuwa?"

"To wakilin fa, ranka ya daɗe?"

"Na yafe masa. Amma ya riƙa sammako."